Shari'ar Gona a Ɗanbatta: Inda Sanayya Ce Hujja

Duk mai kallon finafinan Amurka ya san fasalin kotunsu. Alƙali na zaune a sama, lauyoyi na ta kai-komo, a gefe kuma ga mutum goma sha biyu a jere, ba alƙalai ba, ba lauyoyi ba. Su ne juri. Mutanen gari ne da aka zaƙulo sunayensu daga rajistar masu zaɓe ko ta masu lasin tuƙi, aka aika musu sammaci. Su ke cewa mutum ya aikata laifi ko bai aikata ba, alƙali kuma ya fayyace musu doka, ya yanke hukunci. Wanda ya ƙi amsa kiran ba tare da uzuri ba, tara na iya hawa kansa.

A Ɗanbatta babu wannan, haka ma a duk faɗin Najeriya. Turawa sun dasa tsarin a Legas, ya yi zamaninsa, aka soke shi a shekarun 1970. A Arewa bai ma taɓa kafuwa ba. Da dakarun Gwamna Lugga suka ci Kano a 1903, sun tarar da alƙalai da muhutansu suna shari'a da littattafan Malikiyya irin su Muhtasar da Tuhfa, sai suka bar su ƙarƙashin sarakuna. Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka ƙwace kotunan daga hannun En'e, suka mai da su kotunan yanki na gwamnati, sannan a shekarar 2000, zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, Kano ta mai da su kotunan Shari'ar Musulunci. Kotun majistare tana nan gefe, ita ce 'yan sanda suka fi kai masu laifi gabanta. A duka biyun mutum ɗaya ne ke saurare, shi ne kuma ke yankewa.

Sai dai kada a ɗauka jama'a ba su da hannu a shari'a. Suna da shi dumu-dumu, ta wata ƙofa daban.

A ƙasar Ɗanbatta gona na jingine da gona, ba a barin fili ya huta, taki ne ke riƙe da ƙasa shekara bayan shekara. Iyaka kuwa sau da yawa layin gamba ne, ko 'yan bishiyoyin lalle, ko kututturen da dattawa kaɗai ke tuna inda yake. Don haka da zarar an fara sharar gona, rigima kan taso: wane ya ci mini kunya biyu, gonar nan aro kakanmu ya ba su, a'a jingina ce, a'a sayarwa aka yi. Galibi ba a rubuta komai ba. Maganar kan fara ne a zauren mai unguwa, ta wuce wurin dagaci, wani lokaci har gaban hakimi, Sarkin Bai. Yawancinta a nan take mutuwa ta hanyar sulhu. Wadda ta ƙi mutuwa ita ke isa kotu.

A can ƙa'idar a fili take: kawo hujja na wuyan mai ƙara, wanda ya musa kuma rantsuwa ke kansa. Hujja a rikicin gona kusan kullum mutane ne, wato shaidu adalai. Abokin shari'a yana da damar sukar shaida, ya ce wannan ɗan'uwansa ne na jini, ko akwai tsohuwar gaba tsakaninmu, ko yana da abin da zai samu. Idan alƙali bai san shaidan ba, fiƙihu ya ba shi damar neman wanda zai tsarkake shi, abin da malamai ke kira tazkiyya. Idan ta kama, kotu ta tashi ta je gonar, a tara maƙwabtan iyaka kowa ya nuna abin da ya sani. Kafin a yanke hukunci kuma sai an yi i'izari, a tambayi kowane ɓangare ko da sauran magana. Alƙalin da ya tsallake wannan mataki, kotun sama na iya rushe masa shari'ar baki ɗaya.

Akwai kuma hauzi, wanda ya sha kayar da masu ganin gaskiya na hannunsu. A Malikiyya, idan bare ya riƙe fili shekara 10 yana nomawa, mai shi yana gari, yana gani, bai ce uffan ba, kuma babu abin da ya hana shi magana, to ƙararsa ba ta da ƙarfi. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo nesa, domin kunya kan hana ɗan'uwa magana. Aro da jingina ba sa zama mallaka komai daɗewa. To wa zai tabbatar cewa aro ne? Sai tsohon da ya ga lokacin da aka bayar.

A nan bambancin yake. A Amurka, kafin a zaunar da juri sai an tambaye su ko sun san masu shari'ar. Wanda ya sani, a sallame shi. Su baƙon ido suke nema. Alƙalinmu kuwa wanda ya sani yake nema, ya san gonar, ya san uban mai ita. Abin mamaki, juri ma daga nan ya faro. A Ingila ta ƙarni na 12, zamanin Sarki Henry na Biyu, maƙwabta ake rantsarwa su faɗi abin da suka sani game da fili ko laifi. Sai daga baya aka juya abin.

A ganina, masu cewa a kawo juri ƙasar nan ba su auna da gari irin Ɗanbatta ba. Ina za a samo mutum goma sha biyu da babu auratayya, ko maƙwabtaka, ko cinikin kasuwar Lahadi tsakaninsu da ɗayan ɓangarorin? Matsalarmu ta gaske tana wurin shaida. Mutum ya bar gonarsa da damina, ya biya kuɗin mota daga ƙauye, ya wuni a bakin kotu, a ce an ɗage. Ya koma gida kuma surukinsa ya daina gaishe shi. Ba mamaki mutane da yawa su ce ba su ga komai ba. Dattawan da suka san iyakokin kuma suna ta ƙarewa.

Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun Shari'a. Daga nan hanya ta rabu biyu. Tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda Alƙalin Alƙalai ke shugabanta, hurumin aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da riƙon yara. Rikicin mallakar fili zalla kuwa Babbar Kotun Jiha ake kai shi. Wanda ya kuskure ƙofa yana iya shafe shekaru yana shari'a, a ƙarshe a ce kotun da ya je ba ta da hurumi, a koma farko.