Kafin a ɗora akwatin Baba a sikeli: tsofaffin kile na garejin Zango

Idan makanike ya tsufa ya daina fita, ko Allah ya yi masa rasuwa, abin da iyali ke mantawa da shi shi ne akwatin kayan aikinsa. A raba fili, a raba babur, har tabarmar salla a san wanda ya ɗauka, amma akwatin nan na ƙarfe yana can bayan ɗaki iskar teku tana cin sa. Ran da mai sayen tsofaffin ƙarafa ya biyo layi da kurarsa, sai wani yaro ya jawo shi waje, a ɗora a sikeli, a biya kuɗin kilo. A wurin mai sikeli kuwa, guntun rodi da kile ƙirar Jamus duk ƙarfe ne, farashinsu ɗaya.

Abin takaicin shi ne, a layin nan dai akwai yaron da ya shekara uku ko huɗu yana koyon gyaran mota, an kusa yaye shi, kuma ba shi da ko kile ɗaya nasa na kansa. Sabon akwati na ainihi ya fi ƙarfin aljihunsa. Sai ya shiga kasuwa ya sayi mai ƙyalli mai araha, wanda noti ɗaya mai taurin kai zai tsaga masa baki.

Kayan da muke magana a kai kowa ya san su ko bai san sunansu ba. Akwai 'yan kofunan ƙarfen da ake kifawa a kan noti, waɗanda a garejin Lome ake kira duyi, daga kalmar Faransanci douille, 'yan uwanmu na Gana da Najeriya kuma su ce soket. Sai hannun da ake maƙala su a kai, mai ƙara ƙas-ƙas-ƙas in an dawo da shi baya, wato kilike. Dabarar ta tsufa: tun 1863 wani Ba'amurke, J. J. Richardson, ya yi rajistar irin wannan hannu mai kofunan da ake canzawa. A 1920 Joseph Johnson da William Seidemann suka kafa kamfanin Snap-on a birnin Milwaukee da kofuna goma da hannaye biyar, kowane kofi yana shiga kowane hannu.

Daga Amurka abin ya yaɗu, shi ya sa har gobe bakin murabba'in da ke haɗa duyi da kilike da inci ake auna shi, ko da duyin na milimita ne: kwatan inci, 3/8, rabin inci, 3/4. Kamfanin Facom na Faransa, wanda Louis Mosès ya kafa a Paris a 1918, ya raɗa wa kowane girma suna: Radio ga ƙaramin, Junior ga 3/8, Standard ga rabin inci, Camion ga na manyan motoci. Harafin da ke gaban lambar jikin ƙarfen, R ko J ko S ko K, shi ke nuna dangin da kayan ya fito. Wanda ya san wannan, ko a tarin kayan gwanjo ya tsinci duyi guda, ya san hannun da zai karɓe shi.

To, yaya ake gane shekarun kaya? Da farko a goge a karanta sunan ƙasa. Duk ƙarfen da aka buga wa W. Germany, an ƙera shi ne lokacin da Jamus take rabe biyu, kafin haɗewar 1990. Ka ga ya haura shekara 30 ke nan, ko da ƙyallinsa bai dushe ba. Sai dai a yi hattara: wasu masana'antun Jamus ta Yamma Germany kawai suke rubutawa tun a wancan zamani, don haka rashin harafin W ba ya nufin kayan sabo ne. Haka wanda aka rubuta USSR ko CCCP a jikinsa bai wuce 1991 ba, shekarar da Tarayyar Sobiyat ta wargaje.

Sunayen Jamusawan da aka fi gani a akwatunan dattawanmu uku ne. Gedore, wanda 'yan uwa uku 'yan gidan Dowidat suka kafa a garin Remscheid a 1919. Sunan ma gutsuren kalmomi ne na "'yan uwan Dowidat na Remscheid" da Jamusanci. Hazet, shi ma na Remscheid, tun 1868, daga haruffan farko na sunan Hermann Zerver. Sai Stahlwille na Wuppertal, wanda ya faro a 1862. Snap-on kuwa ya sauƙaƙa wa masu bincike, domin ya daɗe yana buga wata 'yar alama a jikin kayansa da ke nuna shekarar ƙira, kuma jadawalin alamomin yana nan a intanet ga mai waya. Shi Facom ya koma hannun kamfanin Stanley na Amurka a 2006, kuma ba duk abin da ke ɗauke da sunansa a yau ne ake ƙerawa a Faransa ba. Saboda haka tsofaffin da aka buga wa France suke da farin jini wurin masu tarawa.

Ni dai abin da ya fi burge ni ba sunan kamfani ba ne, lambobin da suka cinye ne. Buɗe akwati ka duba duyin da bakinsa ya fi sulɓi, za ka san motocin da mai shi ya ci abinci da su. In 13 da 17 da 19 ne suka sha wuya, mutumin na zamanin Peugeot 404 da 504 ne da sauran motocin Turai. In 12 da 14 ne, ya yi zamani da Toyota da Nissan, ko kuma da baburan zemijan da suka cika gari. Dalili kuwa, kusa mai kaurin milimita 8 Bature kansa 13 yake yi mata, Bajapane kuma 12. In ka ga manya-manya, 27, 30, 32, 33, mai akwatin ɗan manyan motoci ne, irin waɗanda ke ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa su bi hanyar arewa zuwa Wagadugu da Yamai. Kuma tun da a 1977 aka rushe tsohon Zango na tsakiyar gari aka kwashe mutane zuwa wajen Agoè, ba abin mamaki ba ne a ce wasu akwatunan masu W. Germany sun yi wannan ƙaura tare da masu su, a saman mota, tsakanin katifa da tukwane.

Wani lokaci kuma sai ka ci karo da duyi mai rubutun 1/2 AF ko 5/16 W, wanda ba ya zama daidai a kan kowace mota ta yanzu. Kada a yar. Na Ingila ne, na zamanin tsofaffin Land Rover da Bedford, kuma sau da yawa ta Gana suka shigo, tun da Aflao a bakin ƙofarmu take. Harafin W na Joseph Whitworth ne, injiniyan da ya tsara awon kusoshi a 1841, kuma lambarsa kaurin kusar take nufi, ba faɗin kan noti ba, shi ya sa take rikita yara. AF kuwa faɗin kan ne da inci. A nan ake ɓarna: rabin inci milimita 12.7 ne, sai yaro ya ɗauki 13 ya ce ai kusa da kusa ne, ya murɗa da ƙarfi, kan noti ya zama kamar ƙwallo. 3/4 da 19 kuwa kusan tagwaye ne.

Maganar jabu kuma sai an yi ta. Na taɓa sayen duyi 17 a hannun wani mai baza kaya a bakin titi, da sunan babban kamfani a jikinsa, ina murna na yi tsintuwa. Ranar farko da muka sa shi a kan notin da ya ciza, ya tsage daga baki har gindi. Da na duba da kyau sai na ga rubutun shafe ne a sama, farce ma yana iya kankare shi. Na da, bugawa ake yi a cikin ƙarfen, yatsa yana jin zurfinsa. Cikin duyin ainihi a share yake, kusurwoyinsa daidai, bangonsa siriri amma da ƙarfi. Na jabu sai ka ga kauri ba dalili, fatar kurom tana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Kalmar Chrome Vanadium ita kaɗai ba shaida ba ce, kowa na rubuta ta.

Gyaran kuwa ba ya cin kuɗi. A jiƙa kayan a kananzir ko gazuwal kwana ɗaya ko biyu, tsohon maiko da ƙurar hunturu su saki, a goge da burushin waya mai laushi. Inda tsatsa ta kama sosai, a sa a binegar na 'yan awoyi, ana dubawa, domin in ya daɗe zai ci kurom ɗin ya bar ƙarfen da tabo. A ɗauraye da ruwa mai ɗan bikarbonat, a shanya a rana nan take, a shafa mai kafin dare. A garin nan da iskar gishiri, ƙarfen da aka wanke aka bari tsirara kafin asuba ya yi ja. Abin da ba a yi shi ne kai wa mai injin wasa ƙarfe ya ƙyalƙyale shi. Zai yi haske kam, amma sunan da lambar da shekarar duk sun tafi da tartsatsin wuta.

Shi kilike sai an buɗe kansa. A shimfiɗa farin ƙyalle tukuna, don akwai 'yar sifirin da ɗan ƙwallon ƙarfe da ke tsalle su ɓace cikin yashi, kuma ba a sake ganinsu. Yawancin kiliken da ake cewa ya mutu, datti ne ya daskare tsakanin haƙora ya hana harshen kamawa. A wanke, a ɗiga man inji kaɗan. Giris mai kauri bai dace da masu ƙananan haƙora ba, irin na Facom mai zagayayyen kai da ke da haƙora 72, wanda juyin digiri 5 kacal ya ishe shi ya kama. In haƙoran sun karye da gaske, kamfanonin nan suna sayar da kayan cikin kai daban, ba sai an yar da hannun ba. Su kuma haƙora, abin da ke karya su an san shi: zura bututu a hannun kilike a hau kai da ƙafa. Wannan aikin doguwar sanda ce marar haƙora, kuma kusan kowane tsohon akwati yana da ita. Haka duyi mai ƙyalli ba a sa shi a bindigar iska ta masu taya, yana iya fashewa ya ji wa mutum ciwo a ido; baƙaƙen nan masu kauri su aka yi wa wannan.

A Turai da Amurka akwai masu tara irin waɗannan kaya don sha'awa kawai, suna neman cikakken akwati da ainihin fentinsa, ba duyi ko ɗaya da ya ɓata. Mu a nan da wuya a samu cikakke, kuma ba shi ne damuwarmu ba. Giɓin ana cike shi sannu a hankali, daga tarin kayan gwanjo na Akodésséwa, ko daga but ɗin motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa, inda wani lokaci ake tarar da 'yar jakar kile ta Heyco a tsohuwar BMW. Magajin da ba ya aikin gareji, kafin ya kira mai sikeli, ya kira maigidan garejin layinsu ya buɗe akwatin a gabansa; zai faɗa masa abin da ya cancanci sayarwa da daraja, kuma ya san yaron da za a yaye bana. Lamba 10 ce kawai kada a sa rai da ita. Ita wannan ko a akwatin da aka saya jiya ba a samunta.