Hayar shago: abin da doka ta ba mai haya da abin da ta ba mai gida

A kasuwanninmu na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, rigima guda ce ke yawan dawowa. Ɗan kasuwa ya shekara biyar a shago, masu ciniki sun san ƙofarsa, kwatsam sai mai gida ya aiko cewa ƙarshen wata a kwashe kaya, ko kuma haya ta tashi daga jika 30 zuwa jika 50. Da yawa daga cikinmu sai mu ɗaure kaya mu fita, muna zaton mai wuri shi ke da magana ta ƙarshe. Alhali akwai doka, kuma ta tanadar wa mai haya kariya mai ƙarfi.

Dokar ta fito ne daga OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka 17 da suka haɗa dokokin kasuwancinsu, wadda aka kafa a 1993, kuma Nijar tana cikinta. An tsara dokar kasuwancin a 1997, aka sabunta ta a birnin Lome a 2010. Ayoyi na 101 zuwa 134 su ne ke magana kan hayar wurin sana'a: shago, kanti, magaza, wurin ɗinki ko gidan abinci. A da, sai garuruwan da suka haura mutum 5.000 ta shafa. Tun gyaran 2010 an cire wannan iyaka.

Takarda ko baki

Doka ta yarda da hayar da aka ƙulla da baki. Sai dai idan babu takarda, ana ɗaukar hayar a matsayin marar wa'adi, kuma ranar rigima sai an kawo shaida. Saboda haka mu rubuta: sunayen mutanen biyu, wurin, kuɗin haya, wa'adi, da irin sana'ar da za a yi. Kowane wata mu karɓi takardar shaidar biya mu adana. Ƴan uwa mata masu sana'ar kansu, ku sa sunanku a takardar, kada a rubuta ta da sunan wani.

Shekara biyu

Nan ne zuciyar dokar take. Wanda ya yi shekara biyu yana gudanar da sana'arsa a wurin kamar yadda aka shirya, ya samu haƙƙin a sabunta masa haya, kuma sabuntawar ba ta kasa shekara uku ba. Ko an rubuta akasin haka a takarda, bai ci ba.

Amma haƙƙin yana da lokacinsa. Idan hayar mai wa'adi ce, dole mai haya ya nemi sabuntawa aƙalla wata uku kafin wa'adin ya cika, ta hannun hussiye, wato ma'aikacin da ke isar da takardun shari'a, ko ta wata hanyar da za ta tabbatar saƙon ya shiga hannun mai gida. A ce hayarka za ta ƙare ran 31 ga Disamba: takardarka ta isa kafin Satumba ya fita. Wanda ya bari lokacin ya wuce, haƙƙinsa ya faɗi. Shi kuma mai gida, in ya yi shiru har ya rage wata ɗaya, doka ta ɗauka ya yarda.

Idan hayar marar wa'adi ce, duk wanda ke son rabuwa sai ya ba ɗaya sanarwa wata shida kafin ranar. Mai hayar da ya cika shekara biyu yana iya ƙin yarda, amma ya sanar da ƙin nasa kafin ranar da aka sa masa. In ya yi shiru, hayar ta ƙare.

Kuɗin tashi

Mai gida yana iya ƙin sabunta haya, sai dai ya biya diyyar tashi. In ba su daidaita kan kuɗin ba, alƙali ne zai yanka, yana duba yawan cinikin da ake yi a shagon, kuɗin da mai haya ya zuba, inda shagon yake, da kuɗin ƙaura.

Akwai inda ba a biyan diyyar. Na farko, idan mai haya ya karya babban sharaɗi, kamar ƙin biyan haya ko rufe shago ya daina sana'a, aka yi masa gargaɗi a rubuce, ya ci gaba fiye da wata biyu. Na biyu, idan mai gida zai rushe ginin ya sāke ginawa. A nan sai ya nuna irin aikin da zai yi, kuma tsohon mai haya shi ke gaban kowa wajen samun shago a sabon ginin.

Ko da bashin haya ne, mai gida ba ya da ikon sa wa shago kwaɗo ko watso kaya waje da kansa. Zai aika gargaɗi a rubuce, a jira wata ɗaya, sannan a je gaban alƙali. Alƙali ne kawai ke ba da umurnin fitarwa.

Ƙarin haya da gyara

Ana ƙara kuɗin haya ne bisa sharaɗin da aka rubuta, in babu kuwa sai lokacin sabuntawa. Idan aka kasa daidaitawa, alƙali zai duba unguwa, girman shagon, tsufan ginin da abin da ake biya a maƙwabta.

Manyan gyare-gyare na mai gida ne: rufi, manyan bango, katanga, ramin bayan gida. In aikin ya hana ciniki, ana rage haya gwargwadon kwanakin. Ƙananan gyaran yau da kullum na mai haya ne. Kada mu yi gini ko ƙari sai da izinin mai gida a rubuce, domin da wannan izini ne ake neman a mayar da kuɗin ranar fita. Haka nan wanda ya karɓi shago don sayar da atamfa, ba zai mai da shi wurin nika ba sai mai gida ya yarda. Ba da shagon haya ga wani kuma haramun ne a doka, sai in takarda ta halatta.

Sayarwa da rasuwa

Idan mai gida ya sayar da ginin, haya ba ta mutu ba: wanda ya saya ya gaji sharuɗɗan. Haka in mai gida ya rasu. In mai haya ne ya rasu, matarsa ko mijinta, iyaye ko ƴaƴa suna iya ci gaba da shagon, muddin sun nemi haka wajen mai gida cikin wata uku da rasuwar. Iyalai da dama na rasa shago saboda zaman makoki da rabon gado sun cinye waɗannan watanni.

Gefen titi

Mu lura, duk wannan kariya ba ta kai ga wanda ya kafa rumfa a gefen titi ko filin gwamnati ba. Izinin ma'aikatar magajin gari na wucin gadi ne, ana iya janye shi, kuma biyan fatanti ba ya mai da wuri mallakar mutum. Mun ga yadda aka rushe rumfuna da shagunan bakin titi masu yawa a Yamai a 2016. Mai son sayen shago kuwa, ya nemi ganin takardar mallakar filin, ya tabbatar mai sayarwa shi ne mai ita, musamman in gidan gado ne.

A Yamai akwai kotun kasuwanci tun 2016, a sauran jihohi kuma manyan kotuna ke duba irin waɗannan ƙararraki. Kafin a kai can, mu buɗe akwati yau mu duba takardar hayarmu, mu ƙirga watannin da suka rage. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.