Tsohon Masallacin da Ya Zama Gidan Karatu

Daga Azare muke gabatar muku da shirin yau, amma zancenmu zai faro daga Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar.

Yayin da tsohon masallacin Juma'ar garin, wanda gwanin magina Alhaji Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya tsufa har damina ta fara cin katangunsa, kuma aka soma shawarar rushe shi, sai wata masaniyar zanen gini, Mariam Kamara, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka zo da wata shawara dabam: a gina wa jama'a sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a gefensa, shi kuwa tsohon a kira maginan da suka san sirrinsa su farfaɗo da shi, a mayar da shi ɗakin littattafai da azuzuwa. A 2018 aka kammala, aka raɗa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza. Ƙarƙashin bakan gizon da aka daɗe ana sujada, yau yara ne ke bitar darasi, mata na koyon karatu da lissafi, idan ladan ya kira salla kuwa sai a tsallaka fili a bi sahu.

To, mu fa? Katagum, wadda Malam Zaki, mai riƙe da tutar Shehu Usmanu, ya kafa, Bature matafiyi Clapperton ya iske ta a 1824 da ganuwa da masallaci, kuma tun da sarauta ta komo Azare a 1916 hankali ya karkato nan. A faɗin ƙasar Hausa kuwa, da zarar an sami kuɗin siminti, ginin ƙasa ake fara sarawa da diga, lamarin da ke sosa mini rai ƙwarai.

Lalle akwai mas'ala ta fiƙihu wajen mayar da masallaci gidan karatu, domin masallaci hubusi ne, kuma mazhabar Malikiyya tana da tsanani kan sauya abin da aka yi wakafinsa. Wannan hukunci na malamai ne, su ya kamata a fara tambaya. Sai dai halƙar ilimi ba baƙuwa ba ce a masallaci tun zamanin Sahabbai. Roƙonmu ga masarautar Katagum shi ne ta tara malamai, da Sarkin Magina, da ɗaliban tarihi na jami'ar Gadau, su zaga gunduma-gunduma su rubuta tsofaffin masallatai da zaurukan karatun da suka rage, kafin damina mai zuwa.