Ruwan Tiga Ya Zo, Ina Maigida?

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a watan Janairu, da ya wuce Kura zai ga abin da kakanninmu ba su taɓa gani ba. Hunturu na busawa, ƙasa ta bushe ko'ina, amma daga Kura zuwa Kadawa, har ka karkata wajen Bunkure, gonaki kore shar: alkama, tumatir, albasa, masara. Wannan aikin ruwan Tiga ne. An gina madatsar a zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama ta a 1974, daidai lokacin da fari ya gigita ƙasar Hausa. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke kula da ruwan. Daga madatsar ruwa yake gangarowa da kansa ta manyan magudanai, ya rarrabu cikin ƙanana, har ya kai bakin gonar mutum.

Kada kowa ya ce wannan ba albarka ba ce. Dā, in an gama kaka an cika rumbu, samari da magidanta sukan tafi cin rani birni ko Kudu, sai damina ta matso su komo. Yanzu aikin yana bayan gida. Da kuɗin tumatir an yi rufin kwano, an biya kuɗin makaranta, an gina majami'u. Mun gode wa Ubangiji.

Amma akwai abin da ruwan ya tafi da shi ba mu lura ba, wato ranin kansa. Ga waɗanda ba su fita cin rani ba, rani lokacin gida ne. A cikinsa ake gyaran danga da yaɓen ɗaki, a ɗaura aure, a kai ziyara ga dangi. A cikinsa ekklesiyoyin karkara suke yin ajin baftisma, da koyon karatu na manya, da fita wa'azi ƙauyuka. Ba wanda ya zauna ya tsara haka, rashin ruwan sama ne ya tilasta wa kowa ajiye fartanya. To, dubi shekarar manomin Bunkure yanzu. Da damina shinkafa. Kafin a gama yankanta an yafa irin tumatir. A watan Nuwamba ana dashe, ana shuka alkama, gama alkama in ta makara sanyi ya wuce ta, ba ta yin kirki. Kirsimati yakan tarar da mutum yana ban ruwa da feshi. Daga Janairu sai tsinkar tumatir, bayan 'yan kwanaki a sāke komawa, a cika kwanduna, a garzaya Kwanar Gafan kafin manyan motocin Legas su tashi. Ista yakan faɗo wajen girbin alkama. Kafin a numfasa, ga hadari ya haɗo.

Mai cin rani na dā, iyalinsa sun san ba ya nan, suna lissafin ranar komowarsa. Mai noman rani na yau kuwa a gida yake kwana, amma ya fita kafin yara su farka, ya dawo sun yi barci. In ka tambaye shi zai ce ai kullum yana gida. Uwargida ce kaɗai ta san cewa addu'ar iyali ta koma wuyanta, horon yara ma haka, ga nata aikin na turara shinkafa ko ƙodago a gonar wani. Yaran kuma, wanda ya isa korar tsuntsu ko ɗaukar kwando, sau da yawa Makarantar Lahadi takan neme shi ta rasa.

Littafi Mai Tsarki ya san halin manomi. A Fitowa 34:21, inda aka maimaita umarnin hutu, an ambaci lokacin huɗa da lokacin girbi musamman, wato daidai lokutan da manomi yake ganin yana da hujjar ƙin hutawa. Ina ƙasar da kowane wata huɗa ne ko girbi? Fitowa 20:10 kuma ta sa 'ya'ya da barori cikin masu hutun. Saboda haka maigidan da ya zauna a sujada, alhali ya tura yaransa da 'yan ƙodago su tsinke masa tumatir, bai cika umarnin ba, wa kansa kaɗai ya ba hutu.

Mun sani maganar ba ta da sauƙi. Tumatir ba ya jira, in ya nuna kwana biyu ya isa ya lalace. Ruwa kuma rabo ake yi, ba a tsara shi bisa ga ranar Lahadi ba, balle ga waɗanda gonakinsu ke ƙarshen magudana, waɗanda sukan kwana suna jiransa. Ubangiji Yesu da kansa bai hana a ceci dabbar da ta fāɗa rijiya ran Asabar ba (Luka 14:5). Amma mu faɗa wa juna gaskiya, 'yan'uwa. Yawancin Lahadin da muke rasawa ba na gaggawa ba ne. Tun watan Oktoba muka sayar da su, ranar da muka karɓi hayar gona ta uku da bashin taki, alhali hannuwan da ke gidan na gona biyu ne. Mai bashi a wuya ba shi da ikon cewa yau zan huta.

Ribar ma ba tabbas gare ta. In kaka ta yi kaka, kwando yakan faɗi har kuɗin mota ya fi kuɗin kayan. A 1987 gwamnati ta hana shigo da alkama, mutane suka ruga nomanta, a 1992 aka janye hanin. A 2016 tsutsar nan da ake kira Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir na wannan yanki cikin 'yan makonni, ta mai sujada da ta marar sujada duka. Gona takan farfaɗo wata shekara. Yaro mai shekara goma kuwa sau ɗaya yake shekara goma.

To, me za a yi? Kafin a karɓi hayar gona, maigida ya zauna da uwargida su ƙirga hannuwa da kwanaki, ba kuɗi kaɗai ba, gama ita ce za ta ɗauki abin da ya rage. In rabon ruwanka ya faɗo ran Lahadi da safe, ka yi magana da maƙwabcinka. Yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne, suna da tasu Jumma'a, musanyar rana ba ta fi ƙarfin zumunci ba. A tsinke tumatir ran Asabar ko da bai gama ja ba, ai mai tafiya Legas ya fi son wanda bai yi laushi ba. Addu'ar iyali kuma, in dare ya gagara saboda gajiya, a mai da ita asuba, ko minti goma ne, kafin a ɗauki fartanya.

Dattawan ekklesiya su ma suna da nasu. Har yanzu akwai inda ake sa taron kwana uku a tsakiyar Fabrairu, kamar ranin dā yana nan, sa'an nan a yi ta faɗa don maza ba su zo ba. Gara a nemi ɗan tsakanin nan, bayan an kwashe alkama kafin ruwan shuka ya sauka, wajen ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, a sa ajin baftisma da taron iyalai a cikinsa, a kuma sanar tun Kirsimati domin kowane gida ya shirya.