Turbo da ƙurar hunturu: abin da mai mota zai iya yi da hannunsa

Idan kakar rake ta kama a Makarfi, ko tumatir ya fara fitowa daga fadamun Ikara da Kudan, manyan motoci ba sa hutawa. Yawancin DAF da MAN ɗin da ke kwasar kayan nan zuwa Kudu, turbo ne ke ba injinsu ƙarfin jan lodi. Ƙananan motocin Kwatano masu turbo ma suna shigowa, wani ya saya bai san akwai shi a ciki ba sai ranar da bakanike ya faɗa masa kuɗin sabo.

Dabarar tsohuwa ce, domin tun 1905 wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistarta. Hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa iska cikin inji. Iska ta ƙaru, mai ya ƙone da kyau, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Sai dai fankar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafin da kan sa ƙarfe ya yi ja, kuma baƙin man inji ne kaɗai ke hana sandarta cin ƙarfen da take juyawa a ciki.

Nan ne aikin mai mota yake. Baƙin man da ake aunawa a galan a bakin titi, ba a san asalinsa ba, arharsa ba ta kai kuɗin turbo ɗaya ba. A sayi irin wanda kamfanin motar ya rubuta, a juye shi kan lokaci tare da matatarsa. Da safe a bar mota ta ɗan yi silo kafin a taka totur. Direban da ya sheƙo gudu daga Zariya ya tsaya a Tashar Yari, kada ya kashe inji nan take. Ya ba shi minti ɗaya ko biyu, don man da ya tsaya cak cikin turbo mai zafi ƙonewa yake yi ya toshe hanya.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu matatar iska kan cika da wuri, musamman a hanyoyin gona. Wanda ya cire ta wai don mota ta sha iska, ya buɗe wa yashi ƙofa ya riƙa gurzar fukafukan fankar.

Batun ƙara wa mota wuta kuwa, a nan hattara ta fi. Akwai wata 'yar ƙofa da ke sakin hayaƙi idan matsin iska ya kai iyaka. Wasu kanikawa kan ɗaure ta ko su taɓa kwamfutar mota, direba ya ji motar ta ƙara kuzari ya yi murna. Amma matsin da ya wuce ƙima, ga fetur mai rauni ga zafin bazara, shi ke narka fistin har inji ya buga. A Turai masu wannan sana'a kan haɗa da babbar na'urar sanyaya iska da kuloci mai ƙarfi, su kuma gwada motar a kan na'urar awo. Taɓawa da ka ba gyara ba ne.

Duk wanda ya ga shuɗin hayaƙi a salansa, ko ya ji fito mai kama da jiniya idan ya ba da wuta, ya kai motar gareji kafin ya sake ɗaukar lodi.