Darasin Raina Kama Ga Sabon Marubuci

Da zarar Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata, sai ka ga matasa sun zare alƙalami, kowa na fatan jin sunansa a daren karramawa. Wannan ba abin zargi ba ne, domin a hannun gasa aka yanke wa ƙagaggen labarin Hausa na boko cibiya. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ta kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980. Ita ma Hikayata, wadda aka fara a 2016 domin mata zalla, ta sa duniya ta san Aisha Muhammad Sabitu da Maimuna Idris Sani Beli. Sai dai gasa mutum uku take ɗagawa ta sallami saura, kuma wanda ya faɗi ba ya jin inda labarinsa ya yi ɗingishi. Abin da ke mayar da mai sha'awa marubuci na gaske shi ne zama cikin 'yan'uwansa masu alƙalami, kuma tarihin Kano ya isa shaida.

A shekarun 1980 tattalin arzikin Nijeriya ya shiga halin ni-'yasu, darajar naira ta zube, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka karkata ga littattafan makaranta. Matashin da ya rubuta labari ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Talatu Wada Ahmed ta nuna wata hanya da littafinta Rabin Raina, wato marubuci ya buga abinsa da kansa. To amma wanda bai san mai injin buga littafi ba, bai san mai zanen bango ba, bai san dillali a kasuwa ba, ina zai dosa? Wannan giɓi ƙungiyar Raina Kama ta cike, inda Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa suka haɗa kai da wasu takwarorinsu. Sunan ma amsa ce ga masu yi musu kallon hadarin kaji: raina kama ka ga gayya.

Dabararsu mai sauƙi ce. Littafin kowane ɗan ƙungiya yakan fito da jerin sunayen littattafan sauran, ta yadda wanda ya sayi ɗaya zai fita neman goma. Sabon shiga kuwa yana cin albarkacin sunan manya tun kafin a san nasa. Daga wannan gida In Da So Da Ƙauna ya fito ya karaɗe ƙasar Hausa. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga shi a Indiya a 2012. Wasu ƙungiyoyin irin su Kukan Kurciya da Jigon Hausa suka bi irin wannan turba. Masana sun laƙaba wa aikin sunan Adabin Kasuwar Kano, amma yau ga shi ana rubuta kundayen digiri a kansa. Haka kuma lokacin da aka ƙona littattafai a Kano a 2007, sannan Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta nemi kowane marubuci ya yi rajista, da bakin ƙungiya, musamman reshen Ƙungiyar Marubutan Nijeriya (ANA) na jihar, marubuta suka yi magana. Da kowa shi kaɗai ya je, da ba a saurari kowa ba.

Wani zai ce wancan zamani ya wuce. Yau yarinya tana ɗakinta za ta rubuta labari a waya, ta ɗora a Wattpad ko ta sayar a WhatsApp, kuɗi su shigo asusunta ba tare da ta san ofishin kowa ba. Gaskiya ne waya ta kawar da wahalar ɗab'i, amma ba ta kawar da buƙatar gyara ba. Mai karatu a waya ci gaba yake nema, ba zai tsaya ya ce miki jarumarki ta sauya hali ba dalili, ko kin haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ko kin bar ɗ da ƙ ba ƙugiya. Sannan rumfar intanet aro ce. Da dandalin littattafai na OkadaBooks ya rufe a 2023, duk wanda ya jingina da shi kaɗai sai da ya sake sabon lale. Ga kuma masu kwafe littafi su raba kyauta, abin da mutum ɗaya ba ya iya yaƙa.

Suka ta biyu ta fi nauyi: wasu ƙungiyoyin sun zama dandalin rabon muƙami da yabon juna, shugabanni sun fi littattafai yawa. Wannan ba ƙarya ba ne, kuma ƙungiyar da kowa ke cewa madalla ga kowane rubutu tana kashe basira cikin ruwan sanyi. Amma lalacewar wasu ba ta soke amfanin abin ba, sai dai ta koya wa sabon marubuci ya duba kafin ya shiga. Ma'aunin ba shi da wuya. Shin ana zama a karanta rubutu a fede shi? Akwai wanda ya san ƙa'idojin rubutun Hausa? A shekarar da ta wuce, me 'yan ƙungiyar suka kammala?

Ƙofofi kam a buɗe suke. Ban da Hikayata akwai gasar Gusau Institute da ke Kaduna, akwai gidajen rediyo masu karanta littattafai, akwai kuma shirye-shirye masu dogon zango. Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman daga rubutun littafi suka tsallaka zuwa Daɗin Kowa na Arewa24, inda dole marubuta su zauna tare kowa ya jure a soke masa shafi. Wanda bai saba da wannan a ƙungiya ba, zai ji ɗacinsa a gaban alƙalan gasa ko mai shirya fim, inda babu damar gyara. Gara labari ya sha suka a tabarmar 'yan'uwa ranar Lahadi, ya fita kasuwa da ƙafafunsa.