Baƙo Na Neman Hausa, Mu Kuwa Muna Miƙa Masa Turanci

Daga Wakilinmu

Akwai wata ɗabi'a da ta yi kaka-gida a ofisoshinmu da manyan makarantunmu, wadda yawancinmu ba mu ɗauke ta a bakin kome ba. Baƙo ne zai taso daga wata ƙasa, ko Bature ko Ba'indiye ko mutumin Sin, ya zo aiki ko neman ilmi a Kano ko Zariya ko Sakkwato, ya ƙudura niyyar koyon Hausa. Ya kwana yana bitar gaisuwa, gari ya waye ya shiga ofis ya ce wa akawu, "Ina kwana? Ina gajiya?" Maimakon a amsa masa da "Lafiya lau, ba gajiya," sai akawu ya gyara zama ya zuba masa Turanci. In baƙon ya daure ya sake jefa wata kalma, sai a yi murmushi a ci gaba da Turancin. Kafin a jima sai ya saduda. Ya shekara uku ko huɗu a tsakaninmu, ya koma gida ba abin da ya riƙe sai "sannu" da "na gode".

Abin lura shi ne, ba talakawa ke yin wannan ba. Mai sayar da tumatir a Kasuwar Rimi, da mai shayi, da direban a-daidaita-sahu, duk da Hausa za su karɓi baƙo, su yi masa ciniki, in ya yi kuskure su gyara masa cikin raha. Mu 'yan boko, ma'aikata da ɗalibai, mu ne ke rufe masa ƙofa.

Da ba haka abin yake ba. Sa'ad da Heinrich Barth, Bajamushen nan da ake kira Abdulkarim, ya shigo Kano a shekarar 1851, ba wanda zai yi masa Turanci, don haka Hausa ya kama a bakin fatake da abokan tafiya. Shi ne ya tafi da wani yaro mai suna Dorugu zuwa Turai, inda J. F. Schön ya zauna da shi yana rubuta labaransa, har aka buga su cikin littafin Magana Hausa a 1885. Hans Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, ya iya harshen har aka sa masa suna Ɗan Hausa, ga gidansa nan har yau ana kiransa Gidan Ɗan Hausa. G. P. Bargery ya yi shekaru yana bin garuruwa yana tambayar malamai da masu sana'a, kana ya fitar da babban ƙamus ɗinsa a 1934. Haka nan Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa a ƙasar Zazzau a tsakanin 1949 da 1950, suna hira da Hausa tsantsa, daga nan aka sami littafin tarihin Baba ta Karo a 1954.

Kada a ɗauka duk don ƙaunarmu aka yi. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa Di'o-Di'o da sauran jami'anta jarrabawar harshe, domin ta san ba a mulkin mutane sai da jin abin da suke faɗa. To, amma ko mene ne dalilinsu, abu guda ya haɗa su: duk a bakin Hausawa suka koya. A lokacin masu jin Turanci 'yan ƙalilan ne, ko Kwalejin Katsina ma sai a 1922 aka buɗe ta. Yau kuwa da ilmin boko ya yaɗu, sai ga shi ilmin ya zama katanga tsakanin baƙo da harshenmu.

Me ke kawo haka? Dalilan suna da yawa, kuma ba dukansu ne abin zargi ba. Na farko shi ne karamci. Bahaushe ba ya son ganin baƙo cikin wahala, da ya ga yana in'ina yana gumi, sai ya ga kyautatawa ce ya sauƙaƙa masa. Na biyu gaggawa ce, domin ma'aikacin da takardu suka yi wa tsibi a tebur ba shi da sukunin jiran mai haɗa jimla ɗaya cikin minti biyu. Na uku, ɗalibi yana ganin tsuntsu daga sama gasasshe, wato ya sami wanda zai gwada Turancinsa a kansa kyauta. Na huɗu kuwa, wanda ya fi muni, shi ne tsoron kada a ce mutum bai yi makaranta ba. Akwai waɗanda in baƙo ya yi musu Hausa sai su ɗauka raini ne, kamar yana nufin ba su iya Turanci ba. Wannan cuta ce da ke cikin zuciya, domin mai irin wannan tunani ya riga ya yanke wa harshen uwarsa hukuncin cewa na jahilai ne.

Wani zai ce, to, baƙon ya je ya sayi littafi mana. Amsa ita ce Hausa ba ta koyuwa daga takarda kaɗai. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, kuma ba ya bambanta dogon wasali da gajere. Dubi "gari" da ake zama cikinsa da "gari" na tuwo, ko "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, ko "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. A takarda duk ɗaya suke, kunne ne kaɗai ke raba su. Ga kuma haruffa masu ƙugiya, inda ɗan kuskure zai mai da "ƙare" ya koma "kare". Bugu da ƙari, akwai bambancin "ka" da "ki", da sanin wanda ake ce wa "ku" don girmamawa, da tsarin gaisuwa wanda ba a tsallake shi. Waɗannan duk sai an ji, an maimaita, an yi kuskure, an sami mai gyarawa. Duk lokacin da muka juya zance zuwa Turanci, mun hana baƙo darasin da ba zai same shi a ko'ina ba.

Hasarar kuwa ba tasa ba ce shi kaɗai. Likitan da ya zo daga waje, in bai ji Hausa ba, dole sai da tafinta zai saurari majiyyaciya, alhali kuwa akwai ciwon da mace ba za ta iya faɗa a gaban mutum na uku ba. Injiniyan da ya zo aikin rijiyoyi ko madatsar ruwa, in ba ya iya zama da manoma, abin da 'yan ofis suka ga dama shi zai ji. Mai bincike kuma zai koma ƙasarsa ya rubuta littafi a kanmu bisa ga hirar da ya yi da 'yan boko kaɗai, duniya ta karanta ta ɗauka ra'ayin Hausawa ke nan.

Abin takaici shi ne, a waje ana girmama harshen nan. Gidan rediyon BBC ya fara shirin Hausa a 1957, na Jamus da na Sin suka biyo baya a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Ana koyar da Hausa a jami'o'i a Jamus da Poland da Sin da Amurka. Paul Newman, Ba'amurken da ya zama shugaban farko na Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano a 1972, ya fitar da babban littafin nahawun Hausa a shekarar 2000. A 2025 kuma Jamhuriyar Nijar ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ashe bai kamata ɗalibin da ya share shekaru yana karatun Hausa a birnin Warsaw ya iso Kano ya rasa mai yi masa ita a harabar jami'a ba.

Mu tuna kuma cewa ta hanyar karɓar baƙo Hausa ta bunƙasa. Kwarori da suka zauna a Fagge, da 'yan Kudu na Sabon Gari, da Buzaye da Barebari da Nufawa, duk sun kama harshen ne domin da shi aka yi ciniki da maƙwabtaka da su. Fatake ba su taɓa ce wa baƙo Hausarsa ba ta nuna ba, su daina yi masa magana.

Maganin abin ba ya bukatar kasafin kuɗi. In baƙo ya fara da Hausa, a amsa masa da Hausa. A yi magana a hankali, ba tare da ɗaga murya ba, domin ba kurma ba ne. In ya rasa kalma, a ba shi ita, a bar shi ya ƙarasa jimlarsa da kansa. In ya yi kuskure, a gyara masa ba da dariyar ƙeta ba. Inda kuskure zai jawo ɓarna, kamar wajen ba da magani ko shari'a ko yarjejeniyar kuɗi, sai a yi da harshen da kowa ya fi fahimta, in an gama a koma Hausa. Ɗalibin da ke son goge Turancinsa sai ya yi ciniki da baƙon: rabin sa'a Hausa, rabin sa'a Turanci, kowa ya amfana. Shugabannin ma'aikatu da jami'o'i kuma za su iya haɗa kowane sabon baƙo da wani ma'aikaci ko ɗalibi da zai riƙa hira da shi. Shi ma baƙon yana da nasa aiki: ya faɗa a fili cewa Hausa yake so a yi masa, ya rage zaman unguwar Turawa, ya shiga kasuwa da wurin suna da ɗaurin aure.

Hausawa sun ce baƙonka annabinka. Mun saba ba baƙo ruwa da tabarma da abinci, to, wanda ya zo yana roƙon harshenmu ya roƙi abin da ya fi waɗannan daraja, kuma bayar da shi ba ya rage mu da kome. Allah ya sa mu gane.